Kafin a yi wa sandar kallo filashin: manhajar gwaji, manhajar ɗinkin tela, da abin da ke cikin kwanso

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke korar mutane zuwa tsakar gida da dare, Kawuna ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi a zaurensa a Yelwa, talabijin a kunne, amma babu komai a fuskarsa sai tambarin kamfani, ya tsaya cak kamar an manna shi. Ya sa hannu bayan talabijin ya zaro ɗan abin nan da bai fi tsawon yatsa ba, ya miƙo mini. Yana da zafi kamar an ɗauko shi daga rana.

"Ɗana, duba mini wannan. Shekaranjiya lafiya lau take, nauyi kawai take yi. Na ba wani yaro a kasuwa ya ƙara mata gudu, ga abin da ya dawo mini da shi."

"Kawu, me ya ce ya yi mata?"

"Ya ce filashin. Wai ya sa mata sabuwar manhaja wadda ta fi ta kamfani."

Washegari na kai ta rumfar ƙanena da ke gyaran waya. Ya sa farce ya ɓalle kwanson, ya ɗora ɗan koren allon ciki a tafin hannunsa, ya haska shi da fitilar waya. Sunan da ke rubuce a kwanson ɗaya ne da sunan fayil ɗin da aka zuba mata, harafi da harafi. Amma ƙwayar lantarkin da ke kan allon ba irin wadda aka yi fayil ɗin dominta ba ce. Yaron kasuwa bai yi ƙarya ba, ya nemi fayil da sunan da ya gani a waje, ya samu, ya zuba. Abin da bai yi ba shi ne buɗe kwanso. Sai da muka yi kwana 2 muna nema kafin muka sami fayil ɗin da ya dace da allon, kuma da ta tashi, rimot ɗinta bai ƙara yin aiki ba sai da aka sayi wani.

Tun ranar nake son in rubuta wannan bayani, domin sandunan kallon nan sun cika gidaje da shaguna daga Ngaundere zuwa Marwa, har Kusuri da ƙetaren gadar Ngeli a Njamena, kuma kalmar filashin ta zama maganin kowace cuta a bakin mutane.

Ita sandar kallo, wadda masu Faransanci ke ce wa kile saboda kamar da ta yi da kilen kwamfuta, wato ɗan ma'ajin USB, kwamfuta ce cikakkiya da aka matse. A cikinta akwai ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da ram, wato ma'ajin wucin gadi da take aiki da shi, da ma'ajin da manhaja ke kwana, da wata ƙwaya mai kama Wi-Fi. Ana soka ta a ramin HDMI na talabijin, a ba ta wuta, sai tsohon talabijin ya iya buɗe YouTube. Tun 2012 irin waɗannan suka fara fitowa daga Sin, irin MK802 mai ɗauke da Android. A 2013 Google ya fito da Chromecast a kan dala 35, a 2014 Amazon ya biyo da Fire TV Stick, a 2020 Xiaomi ya kawo Mi TV Stick. A gefensu kuma akwai tulin sanduna da ƙananan akwatuna marasa uba, masu sunaye irin MXQ, X96, H96 da T95, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwanninmu saboda arha.

Manhajar tushe, wadda masu gyara ke kira famwaya ko ROM, ita ce duk abin da ke sa wannan allo ya zama na'ura mai rai. Ba manhaja ce guda ba, hawa-hawa ce. A ƙasa akwai mai tada inji, wanda shi ke fara farkawa idan wuta ta shigo, ya duba ko abin da zai ɗora yana da sa hannun kamfani. A kansa akwai zuciyar Linux tare da direbobi, wato ƙananan manhajojin da kowanne ya san yadda ake magana da ƙwaya guda: wannan na Wi-Fi, wancan na rimot, wancan na sauti. Tare da su akwai wani ɗan fayil mai suna dtb, taswirar allo ke nan, shi ke gaya wa zuciyar cewa ram kaza ne, a nan fitila take, a can ramin USB yake. Sai a sama Android, da fuskar da muke gani da ido. Filashin shi ne share wannan gini a sake kafa wani. Wannan ya bambanta da sanya manhaja irin ta APK daga kile, wanda mutane da yawa ke haɗa su wuri ɗaya. Sanya APK kamar shigo da kujera ne cikin ɗaki, in ba ta yi ba a fitar da ita. Filashin kuwa rushe ɗakin ne har harsashi.

Manhajar tushe iri uku ce a hannun mutane. Akwai ta kamfani, wadda na'ura ta zo da ita kuma ake sabunta ta ta intanet. Akwai ta gwaji, wadda ake kira beta. Akwai kuma wadda wasu mutane da ba kamfanin ba suka ɗinka da hannunsu, ni ina kiranta ɗinkin tela, don bambanta ta da ɗinkin kanti.

Batun ta gwaji ba shi da tsawo. Kamfani ne da kansa yake fitar da ita ga waɗanda suka yarda a gwada a kansu kafin a ba kowa. Google yana da irin wannan tsari ga Chromecast ta cikin manhajar Google Home, Roku ma yana ɗaukar masu gwaji. Ribar mai shiga ita ce ganin sabon abu kafin maƙwabcinsa, ribar kamfani kuma ita ce gano kurakurai a gidajen mutane kyauta. Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce shiga na da sauƙi, fita kuwa sai haƙuri. Yawancin na'urorin manyan kamfanoni ba sa yarda a koma tsohuwar manhaja, akwai shingen da aka gina musamman don hana komawa baya. Idan ta gwaji ta lalata maka sauti ko ta sa Wi-Fi yana yankewa, ko ka fita daga tsarin sau da yawa sai ka jira fitowar ta gaba. An tsara wannan ne don mutumin da ke da talabijin biyu ko uku, da intanet na waya ƙarƙashin ƙasa marar iyaka, da shagon da zai mayar wa kaya idan suka lalace. Mu a nan talabijin ɗaya ne a gida, mega da awo muke saye, kuma sandar ta biyo hannu huɗu ko biyar daga Duwala ko Mubi ko Kano kafin ta iso, babu wanda zai karɓe ta. Ban ga dalilin da mai gida a Garwa zai shiga tsarin gwaji ba, balle mai gidan kallon ƙwallo wanda abincinsa ya rataya a kan allon nan ya kawo hoto ranar Asabar.

Akwai kuma wata beta ta daban, wadda ita ce ta fi yawo a wayoyin masu gyara: fayil ɗin da wani ya ɗora a intanet ya rubuta masa beta ko sabon salo, babu sunan kamfani, babu bayanin abin da aka canza. Wannan ba tsarin gwaji ba ne, fayil ne wanda ba a san asalinsa ba. Irinsa ne ya kwantar da sandar Kawu.

Ɗinkin tela shi ne inda maganar take da nama, kuma ba na cikin masu cewa duk sharri ne. Akwai ayyuka masu mutunci da mutane suka shafe shekaru suna yi a fili, kowa na iya duba abin da suka rubuta. Kodi, wadda a da ake kira XBMC kafin a canza mata suna a 2014, manhajar kunna bidiyo da sauti ce. LibreELEC, wadda ta ɓalle daga OpenELEC a 2016, ƙaramin Linux ne da ba shi da wani aiki sai tada Kodi. CoreELEC ta fito daga LibreELEC a 2018, ta mai da hankali kan ƙwayoyin kamfanin Amlogic kaɗai. LineageOS, magajiyar CyanogenMod tun ƙarshen 2016, Android ce tsabtatacciya wadda ke da reshe na wasu na'urorin talabijin. Armbian kuma tana mayar da wasu akwatunan su zama ƙaramar kwamfutar Linux. Dalilin da ya sa mutane ke neman waɗannan a fili yake. Mai ƙera sanda marar suna yana sayarwa ne ya wuce, ba ya sake waiwayarta da gyara. Ta zo cike da manhajojin da ba ka nema ba, suna cin ram suna cin mega. Tela yana cire tarkacen, wani lokaci har ya gyara abin da kamfani ya bari a karye.

To amma tela da awo yake ɗinki. Ƙwaƙwalwar yawancin sandunan arha daga kamfanoni uku take fitowa: Amlogic, da Rockchip na birnin Fuzhou, da Allwinner na Zhuhai. Kowanne yana da tsarin fayil nasa da manhajar zubawa tasa a kwamfuta. Na Amlogic ana zuba shi da USB Burning Tool, na Rockchip da RKDevTool ko makamancinsa, na Allwinner da PhoenixSuit ko PhoenixCard. Fayil ɗin wannan ba ya shiga wancan. Ko a cikin gida ɗaya ma, S905X daban, S905W daban, S905Y2 daban. RK3229 ba RK3318 ba ne. H313 ba H616 ba ne. Kuma ko ƙwaƙwalwa ta zo ɗaya, sai ƙwayar Wi-Fi ta bambanta, domin masana'antun nan suna sa duk wadda ta yi arha a kasuwar Shenzhen a makon da suke haɗa kaya. Shi ya sa za ka ga sanda biyu, kwali ɗaya, suna ɗaya, an saye su a shago ɗaya, a zuba musu fayil ɗaya, wannan ta tashi lafiya, waccan ta tashi babu Wi-Fi, ko ta ƙi tashi sam. Sunan da ke kwanso na ɗan kasuwa ne. Sunan gaskiya yana kan allo, an buga shi da ƙananan fararen haruffa tare da lambar salo, wani lokaci har da kwanan watan ƙira.

Kada kuma a dogara da abin da na'urar ke faɗa game da kanta. An sha kama sanduna da akwatuna masu rubutun ram giga 4 da ma'aji giga 64 a kwali, shafin bayanai na ciki ma ya nuna haka, alhali abin da ke kan allo giga 1 ne da giga 8. Lambar Android ma ana yi mata haka, a rubuta 12 ko 13 a kan tsohuwar 7. Manhajojin bincike irin AIDA64 da CPU-Z suna taimakawa, amma su ma na'urar suke tambaya, kuma wadda aka koya wa ƙarya tana iya yi musu. Ido a kan ƙwaya shi ne shaida. Idan aka zaɓi dtb na giga 4 ga allon giga 1 saboda an yarda da kwali, na'urar ba za ta tashi ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ya sa na ce ba kowane ɗinkin kanti ne abin amincewa ba. A farkon 2023 wani masanin kwamfuta a Kanada ya gano cewa akwatin T95 da ya saya sabo dal, mai ƙwayar Allwinner H616, ya zo da muguwar manhaja tun daga masana'anta, yana tuntuɓar wasu kwamfutoci a waje ba tare da izini ba. A cikin shekarar kamfanin tsaro na Human Security ya fitar da bincike kan wannan ƙulli ya sa masa suna BADBOX. A Satumban 2024 kamfanin Doctor Web ya ba da rahoton wata mai suna Vo1d da ta kama akwatunan talabijin kusan miliyan 1.3 a ƙasashe 197. A ƙarshen wannan shekarar hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar sadarwar na'urori kimanin 30,000 da suka kamu. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, wata guda bayan haka Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Aikin waɗannan manhajoji shi ne buɗe tallace-tallace a ɓoye suna dannawa don wani ya karɓi kuɗi, da kuma sayar da layin intanet ɗinka ga baƙi su bi ta kansa su yi abin da suka ga dama da adireshinka. A ƙasar da intanet ba shi da iyaka, mai gida yana iya shekara bai lura ba. A nan kuwa, wanda ya kunna wa sanda intanet daga wayarsa ya ga megan da ya saya da safe ya ƙare kafin la'asar alhali bai kalli komai ba, ya kamata ya yi zargin sandar kafin ya zargi kowa. Kuma riset, wato mayar da na'ura yadda ta zo daga kamfani, ba ya wanke wannan dauɗa, domin a cikin manhajar tushe take zaune, riset kuwa yana share abin da kai ka sa ne kawai.

Hanya mafi sauƙi ta sanin inda ka tsaya ita ce shiga Play Store, a nemi saituna, a duba ko an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect. Sandunan da Google ya tantance suna ɗauke da Android TV ko Google TV na ainihi. Marasa shaida yawanci Android ɗin waya ce aka yi wa kwalliya ta yi kama da ta talabijin, shi ya sa wasu manhajoji a kansu ba sa jin rimot sai an sa linzamin kwamfuta.

Daga nan ne hukuncin ya rabu biyu, gwargwadon abin da ke hannunka.

Idan sandarka ta babban kamfani ce, Fire TV Stick ko Chromecast ko ta Xiaomi, shawarata ita ce a ƙyale manhajar tushenta. Mai tada injinta a kulle yake, ba ya karɓar komai sai mai sa hannun kamfani. Gaskiya ne cewa masu bincike sun taɓa samun ɓaraka a wasu samfurorin Fire TV Stick masu ƙwayar MediaTek, har ana haɗa wasu ƙafafu a kan allo da ƙarfe don a buɗe su, amma Amazon ya toshe hanyar a sabuntawar da ta biyo baya. Bidiyon da ke koyar da hanyar yana nan a intanet har yau, sandar da ke hannunka ce ta riga ta wuce zamaninsa. Fire OS, tsarin da ke kan sandunan Amazon, ita kanta a kan Android aka gina ta, ta 7 a kan Android 9, ta 8 a kan Android 11, amma a 2025 Amazon ya fito da sabon tsari mai suna Vega a kan Fire TV Stick 4K Select, wanda ba Android ba ne kuma ba ya karɓar APK. Duk mai sayen Fire da niyyar cika ta da manhajoji daga kile, ya tambayi samfurin kafin ya biya.

Ko da an yi nasarar buɗe irin wannan sanda, akwai hasarar da ke iya biyo baya. A cikinta akwai makullan sirri na tsarin Widevine, wanda masu fina-finai irin Netflix ke dubawa kafin su saki hoto mai kyau. Mai matakin L1 yana samun HD da 4K, mai L3 kuwa ana tsayar da shi a ƙaramin hoto. Buɗe mai tada inji ko share wani sashe na ma'aji yana iya sauke na'ura daga L1 zuwa L3, kuma makullan nan ba a sauke su daga intanet. Wato ka biya kuɗin sanda mai tsada saboda wannan shaidar, sannan ka biya wani ya goge ta. Sandunan arha dama yawancinsu L3 ne, kuma babu filashin ɗin da zai ba su L1, ko da an rubuta 8K a kwali da manyan haruffa.

Ba ina cewa manyan kamfanoni ba sa kuskure ba ne. A ranar 9 ga Maris 2025, Chromecast na ƙarni na biyu da Chromecast Audio suka daina aiki a duniya baki ɗaya, saboda wata takardar shaida ta cikinsu mai wa'adin shekara 10 ta ƙare. Google ya roƙi mutane kada su yi riset, kuma cikin 'yan kwanaki ya turo gyara. Waɗanda suka yi gaggawar riset sun fi shan wahala kafin nasu ya dawo. Wanda ya zauna ya jira, tasa ta warke da kanta. Wannan shi ne abin da kake saye idan ka sayi mai suna: akwai wanda zai gyara daga nesa, muddin bai daina kula da samfurin ba. Google ɗin ma ya daina ƙera Chromecast tun Agustan 2024.

Idan kuma taka marar shaida ce, to a nan ɗinkin tela yana iya zama alheri, har ma ya fi abin da ta zo da shi tsabta. Amma akwai hanyar da ba sai an rushe ɗaki ba. Yawancin akwatunan Amlogic da wasu sandunan da ke da ramin memori suna iya tashi daga katin memori ko kile. Ana rubuta CoreELEC a kan katin da kwamfuta, a shiga jakar da taswirorin allo suke a kwafo wadda ta dace da ƙwayarka da ram ɗinka, a sa mata suna dtb.img, a soka katin. Sai a danne maɓallin riset, wanda a akwatuna da yawa yana ɓoye ne a can cikin ramin AV, da tsinken sakace ake kai masa, a haɗa wuta ana danne da shi. Idan an dace, Kodi ce za ta fito. Idan ba a dace ba, a zare katin, Android ɗin da ke ciki tana nan ba a taɓa ta ba, a gwada wata taswirar. Na ga ƙanena ya gwada taswira uku a kan wani akwati cikin rabin awa, ta ukun ta kama, kuma bai rubuta ko harafi ɗaya a ma'ajin ciki ba. Muddin daga katin aka tashi, Android ɗin ciki da duk abin da aka ɓoye a cikinta barci suke yi.

Wannan hanya ta dace da yadda muke kallo a nan. Kaɗan ne cikinmu ke iya kallon fim kai tsaye ta intanet na awanni, tunda bisa lissafin Netflix kansa awa ɗaya ta HD tana iya cin giga 3, ta 4K kuma giga 7. Yawancinmu wurin masu turi muke zuwa, a cika mana kile da fina-finai da wa'azi da karatu. Kodi a kan CoreELEC ta ƙware a wannan aiki, tana kunna kusan kowane irin fayil ba tare da mega ko ɗaya ba, kuma a kan allon giga 1 da Android ke rarrafe, ita tana tafiya sumul. Abin da za ka rasa shi ne manhajojin Android ɗin da ka saba, domin APK ba ya aiki a can. Mai son su sai ya zare kati.

Wani lokaci dai babu makawa sai an zuba a ciki, kamar yadda ya faru da ta Kawu da ta riga ta tsaya a tambari. A nan wutar lantarki ce babbar abokiyar gaba. Duk mazaunin arewa ya san yadda wutarmu ta rataya a kan ruwan madatsar Lagdo a kan Binuwai, da yadda ake rabon ta idan rani ya yi nisa. Zuba manhaja yana ɗaukar 'yan mintoci, kuma idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta mai tada inji, na'urar ba za ta ƙara nuna ko tambari ba. Daga nan sai mai gyara ya buɗe ta ya haɗa ƙafafun ma'aji da ƙarfe don tilasta wa ƙwaƙwalwa ta saurari kwamfuta, aikin da ke buƙatar hannun da ba ya rawa. Don haka da kwamfutar cinya mai cikakken caji ake yi, da igiyar USB mai kai namiji biyu mai kyau kuma gajeriya. Fayil ɗin kansa sau da yawa yana kai giga 1 ko fiye, kuma wanda ya sauko a gutsure saboda rezo ya yanke yana iya yin kama da cikakke. Idan mai fayil ya ba da lambar tantancewa, a gwada ta. Kafin komai kuma a tabbatar an riga an mallaki fayil ɗin asali na wannan allon, ko an kwafe na ciki an ajiye. Mai gyaran da ya fara zubawa ba shi da hanyar komawa, da kayan mutane yake caca.

Shi kuma tela, a san ko wane ne. Aikin da ke da shafinsa na ainihi, da jerin na'urorin da yake tallafawa, da bayanin abin da aka canza a kowace fitowa, ya bambanta da fayil ɗin da ya biyo hannu goma ta WhatsApp. Manhajar tushe tana ganin komai: kalmar sirrin Wi-Fi, asusun Google da ka shigar, sauran wayoyin da ke kan layi ɗaya da ita. Ni ko a kan ɗinkin da na yarda da shi ba na shigar da asusuna na ainihi wanda ke haɗe da harkar kuɗi, wani daban nake buɗewa don talabijin.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin Kawu shi ne, tun farko ba manhaja ce ta sa sandar nauyi ba. Da muka mayar da ita gida na leƙa bayan talabijin. Talabijin ɗin a jingine yake da bangon da rana ke duka tun hantsi, sandar a matse tsakanin bango da bayansa mai zafi, a garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Sanda ba ta da fanka, kuma idan ƙwaƙwalwarta ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sannan wutarta daga ramin USB na talabijin ake ja, wanda a talabijin da yawa rabin amfiya yake bayarwa, alhali yawancin sanduna amfiya 1 suke so a kan bolt 5. Ga ma'ajinta cike da manhajojin da jikoki suka sa. Ga wayar da ke ba ta intanet tana can ɗaki na uku, bayan bangon ƙasa biyu. Kowanne daga cikin huɗun nan ya isa ya sa hoto ya riƙa tsayawa, kuma filashin ba ya maganin ko ɗaya.

Na sayo ɗan guntun igiyar HDMI na saƙalo sandar waje inda iska ke ratsawa, na haɗa ta da cajar waya mai amfiya 2 a soket, muka goge manhajoji goma sha wani abu, na ce a riƙa ajiye wayar a kan tagar zaure. Kawu ya karɓi sabon rimot, ya juya shi a hannu, ya danna.

"To ɗana, yanzu idan ta sake nauyi fa?"

"Kawu, ku taɓa ta da hannu tukuna. In da zafi, ku kashe ta ta huta. In babu, ku aiko a kira ni kafin a kai ta kasuwa."